Masana'antar Ƙarfe Ta Tace Ruwanta Tun Daga Ƙofarta

 A wannan makon mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida mun zo da magana a kan ruwan da ke fitowa daga wuraren aikin ƙarfe: inda ake haƙo shi, da inda ake narka shi, da inda ake wanke shi a shafa masa wani ƙarfen don kada ya yi tsatsa. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya ɓata ruwa wajen aikin ƙarfe, shi ya kamata ya tace shi a cikin harabarsa kafin ko ɗigo ɗaya ya fita waje. Sannan mutanen da kogin ke gangarowa wajensu suna da haƙƙin su shiga su gani da idonsu ko da gaske ana tacewa. Ku tsaya ku karanta dalilanmu, sannan ku yi hukunci.

Me ya haɗa ƙarfe da ruwa?

Wani zai ce ai ƙarfe da wuta aka san shi. Haka ne, amma kusan kowane mataki na aikinsa yana cin ruwa. A wurin haƙar ma'adinai ana niƙa dutse ya zama gari, a dama shi da ruwa don a ware ƙarfen, sauran lakar kuma a tara ta a bayan madatsa. A masana'anta ana sanyaya injuna da ruwa. Kafin a shafa wa kwanon rufi tutiya, wato farin ƙarfen nan da ke hana shi tsatsa, sai an tsoma shi cikin asid ya cinye dattin jikinsa, sannan a ɗauraye. Ruwan ɗaurayar nan yana fitowa da asid, da mai, da narkakken ƙarfe.

Narkakken ƙarfe shi ne babban abin tsoro. Kamar yadda gishiri ke ɓacewa a cikin ruwa ba a ganinsa, haka dalma da kadmiyom da kuromiyom suke ɓacewa, musamman idan ruwan yana da asid. Ruwa zai iya zama garau kamar na leda alhali guba na ciki.

A darasin kiwon lafiya an koya mana mu tafasa ruwa kafin mu sha. Wannan gaskiya ne, domin tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta. To amma dalma ba abu ne mai rai ba, balle ta mutu. Idan ka tafasa ruwa mai dalma, ruwan ne zai ragu ya tafi a tururi, ita kuwa tana nan a tukunya. Maganin kulorin da ake zubawa a rijiya ma bai cire ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha, kadmiyom kuma kada ya wuce maikirogiram 3. Maikirogiram ɗaya shi ne ka raba giram ɗaya gida miliyan ka ɗauki kashi ɗaya. Mu yi lissafi. Giram ɗaya na dalma ya isa ya kai lita 100,000 ga wannan iyaka, wato jarka 4,000 mai cin lita 25. Giram ɗaya na kadmiyom kuwa ya isa ya kai sama da jarka 13,000 ga tasa iyakar. Ku tuna ƙaramin ɗunkulen magi ma giram 4 ne.

Abin da ya faru a kogin Jinzu

Don mu ga abin da wannan lissafi yake nufi a rayuwar mutane, bari mu je ƙasar Japan. A can akwai wani kogi mai suna Jinzu, wanda ke gangarowa daga duwatsu ya ratsa gonakin shinkafa na yankin Toyama kafin ya faɗa teku. A saman duwatsun akwai mahaƙar Kamioka, inda a da kamfanin Mitsui ya riƙa haƙar tutiya da dalma. Dutsen da ke da tutiya yawanci yana ɗauke da kadmiyom. Shekara da shekaru ragowar aikin tana shiga kogi, manoma kuma da ruwan suke ban-ruwa, shi suke sha, da shi suke girki.

Shinkafa tana zuƙar kadmiyom daga ƙasa ta ajiye a cikin ƙwayarta. Idan ya shiga jikin mutum yakan yi shekaru da yawa bai fita ba. Yana lalata ƙoda, daga nan ƙashi ya yi laushi. Waɗanda abin ya fi kamawa mata ne manya da suka yi haihuwa da yawa. Ƙasusuwansu suka riƙa karyewa da ɗan motsi kaɗan, wasu ko tari suka yi sai haƙarƙari ya karye. Saboda kukan da suke yi aka sa wa cutar suna itai-itai, wanda a harshensu yake kamar mutum ya ce wayyo, wayyo.

Wani likita na yankin mai suna Noboru Hagino ya sa duniya ta ji labarin cutar a 1955, kuma a 1961 ya bayyana cewa kadmiyom ne sanadi. Sai a 1968 gwamnatin Japan ta amince da haka. A wannan shekarar mutanen suka kai kamfanin kotu. Suka yi nasara a 1971, kamfanin ya ɗaukaka ƙara, suka sake yin nasara a 1972. Kimanin mutum 200 ne gwamnati ta tabbatar sun kamu da cutar.

Abu biyu suka biyo baya, kuma su ne suka fi jan hankalinmu. Na farko, gonakin. Wanke kadmiyom daga ƙasar noma abu ne mai matuƙar wuya, don haka sai da aka kwashe ƙasar sama aka kawo sabuwa aka zuba. An fara aikin a 1979, ba a gama ba sai 2012. Shekara 33 ke nan ana gyaran hekta 863, kuma aikin ya ci kimanin yen biliyan 40. Yaron da aka haifa ranar da aka fara, ya girma ya yi 'ya'ya kafin a gama.

Na biyu, kamfanin ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba mutanen yankin damar shiga mahaƙar tare da masana kimiyyar da suka zaɓa da kansu, su duba bututu, su ɗebi ruwa su gwada. Tun 1972 suke wannan ziyara kowace shekara. Da aka san ana zuwa dubawa, sai aka gyara wuraren tace ruwa, aka toshe inda yake yoyo, har kadmiyom ɗin da ke kogin ya ragu ya koma kusan yadda yake a kogin da ba a taɓa gurɓatawa ba. Ilimin tacewa ya yi aikinsa, amma sa idon mutane ne ya tilasta a yi amfani da shi.

Yadda injiniyoyi ke tace ruwan

Kada wani ya zaci abin sihiri ne. Yawancinsa kimiyyar da muke karantawa a aji ce, sai dai a manyan tankuna.

Mataki na farko shi ne a raba ruwa. Ruwan sama da ke sauka daga rufi, da ruwan sanyaya inji, da ruwan ɗaurayar ƙarfe, kowanne da bututunsa. Idan aka bari suka haɗu, mai gubar zai ɓata mai kyau, aikin tacewa ya ƙaru a banza.

Na biyu, a tara ruwan gubar a babban tanki ana juya shi. Dalili kuwa, abin da ke fitowa da safe ba ɗaya yake da na yamma ba, wani lokaci asid ya yi yawa, wani lokaci ya yi kaɗan. Tankin yana daidaita shi. Mai kuma tunda yana tasowa sama, sai a yaɗe shi kamar yadda ake yaɗe mai a kan miya.

Na uku, akwai gubar da sai an karya ƙarfinta tukuna. Masu shafa wa ƙarfe kuromiyom don ya yi ƙyalli suna amfani da wani nau'insa mai launin rawaya, mai haddasa ciwon daji. Ana zuba masa wani sinadari ya juya shi zuwa nau'i mai launin kore, wanda gubarsa ta fi sauƙi kuma ana iya cire shi.

Na huɗu shi ne zuciyar aikin. Ana zuba farar ƙasa, irin wadda ake ƙonawa daga dutse a yi wa bango fenti da ita. Ita ce ke kashe kaifin asid. Kun tuna ma'aunin pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14? Ruwa mai kyau yana wajen 7, asid yana ƙasa da haka. Idan farar ƙasa ta ɗaga ruwan zuwa wajen 9 ko 10, narkakken ƙarfen ba ya iya ci gaba da ɓuya. Sai ya fito ya zama ƙananan ɓarɓashi, ruwan ya yi duhu. A nan ne ake gane injiniyan da ya san aikinsa, domin kowane ƙarfe da inda yake fitowa. Kadmiyom sai an kai wajen 11. Tutiya kuwa idan aka zarce da yawa sai ta sake narkewa ta koma cikin ruwan. Shi ya sa ake sa na'urar da ke auna pH dare da rana.

Na biyar, a zuba alif ko wani sinadari irinsa. Duk wanda ya ga an jefa alif a randar ruwan rafi ya san abin da ke faruwa: dattin yana haɗuwa ya yi nauyi ya kwanta. Sai a tura ruwan wani faffaɗan tanki inda zai natsu, laka ta zauna a ƙasa, ruwa mai haske ya malalo ta sama.

Na shida, a bi da shi ta cikin yashi da tsakuwa don su kama ɗan abin da ya rage, a mayar da pH ɗinsa kusa da 7, a gwada. Masana'anta mai hankali tana mayar da yawancin ruwan nan cikin aikinta, ta rage kuɗin sayen sabo.

Saura lakar. Duk gubar da aka cire tana cikinta, ba ta je ko'ina ba. Ana matse ta a inji ta bushe, sannan a kai ta ramin da aka shimfiɗa wa roba mai kauri don kada ruwan sama ya wanke ta zuwa rijiyoyi, ko a kai ta inda za a sake ciro ƙarfen a sayar. Wanda ya tace ruwa sannan ya zubar da lakar a bayan katanga, wahalar banza ya yi.

Masu cewa da tsada

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce tankuna da sinadarai da albashin injiniya kuɗi ne, idan aka matsa wa masana'antu za su rufe, iyayenmu su rasa aiki. Wannan magana ba ta wasa ba ce, domin da yawa daga cikinmu da aikin ƙarfe ake biya mana kuɗin littafi. Mu ma muna son masana'antu su ƙaru. Amma mu tambaya: idan ba a tace ba, kuɗin ɓacewa yake yi? A Toyama an biya shi, sai dai matan da ƙashinsu ya karye ne suka fara biya, sannan manoma, sannan gwamnati da kamfanin suka biya ninkin-ba-ninkin. Wanda ya ƙi tacewa, ya ɗora wa maƙwabcinsa bashin da bai ci ba.

Wasu kuma za su ce kogi babba ne, zai tafi da komai. Ƙarfe yana kwanciya a lakar gindin kogi, kifi ya ci, shuka ta zuƙa, ya dawo mana a faranti. Kuma idan guba ta riga ta shiga kogi, kama ta ya fi ƙarfin kowa. A watan Fabrairun 2025, madatsar da ke riƙe da ragowar aikin tagulla ta wani kamfani ta fashe a arewacin Zambiya. Ƙiyasin farko ya ce lita miliyan 50 na ruwa mai asid suka kwarara zuwa kogin Kafue. Kifaye suka mutu, aka rufe ruwan famfo a birnin Kitwe, har sai da gwamnati ta sa jiragen sojan sama suna zuba farar ƙasa a cikin kogin. Ku duba fa, farar ƙasar nan dai ita ce wadda ake zubawa a tanki cikin natsuwa ana aunawa. A tanki tana aiki sosai. Daga jirgi kuwa, bin ruwan da ya riga ya wuce ake yi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Mu a nan gida fa?

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Dutsen da ake nema wa zinariya yana cike da dalma, ana niƙa shi a cikin gidaje, ana wanke shi kusa da kududdufai da rijiyoyi. Ƙurar ce ta fi yin ɓarna, domin ƙananan yara suna wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Kimanin yara 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani. Kamar yadda aka yi a gonakin Toyama, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, kuma garin Bagega bai samu nasa aikin ba sai 2013. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja, yara aƙalla 28 suka rasu. Dalma ko ba ta kashe yaro ba tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, karatu ya yi masa wuya har girmansa. Wannan ya shafi kowane aji a makarantar nan.

Doka kuwa muna da ita. Bayan an jibge shara mai guba daga ƙasar Italiya a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, kuma a 1991 aka yi ƙa'idar da ta wajabta wa masana'antu su sa kayan tace ruwansu. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda a 2011 ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masu sarrafa ƙarfe da masu narka tsohon ƙarfe. Abin da ya rage shi ne a riƙa aunawa, a riƙa faɗa wa mutane sakamakon.

Akwai kuma ƙananan masu sana'a: masu fasa tsohon batirin mota, masu narka dalma, masu wanke ƙarfe. Ruwan batir asid ne mai ɗauke da dalma, idan aka tuttular da shi a kwata yana bi ta ƙofar gidajen mutane, ya nutse a ƙasa kusa da rijiya. Gaskiya ne mutum ɗaya mai rumfa ba zai iya gina tankuna shida ba. Amma idan aka tara masu sana'a iri ɗaya a wuri ɗaya, nesa da gidaje da makarantu, tanki ɗaya zai ishe su duka, kowa ya riƙa ba da ɗan abin da zai iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muke nema

Ga hukumomi: kada a ba masana'antar ƙarfe izinin fara aiki sai an ga wurin tace ruwanta yana aiki. A riƙa zuwa gwaji ba tare da an sanar ba, har da dare. A rubuta sakamakon da Hausa a manna a ƙofar masana'anta da ƙofar mai unguwa, kamar yadda ake manna mana sakamakon jarrabawa kowa ya gani. Sannan a ba mutanen unguwa damar shiga da masanin da suka yarda da shi, ko da sau ɗaya a shekara, kamar mutanen Toyama.

Ga masu masana'antu: wanda ruwansa ke da tsabta ba ya tsoron baƙo. Ku buɗe ƙofa.

Ga malamanmu na Kimiyya: Malam, muna roƙo a nuna mana wannan a aikace. Ba sai an sayi kaya masu tsada ba. Ruwan zoɓo ma yana nuna pH: a ɗiga masa lemun tsami ya ƙara ja, a ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka ya juya ya yi duhu-duhu kamar kore. Da kwalba biyu da ruwan rafi da ɗan alif za mu ga yadda laka ke kwanciya. Da gorar roba da yashi da tsakuwa za mu haɗa matata. Sai dai a tuna mana cewa ruwan da muka tace haka na gwaji ne, ba na sha ba, tunda mun riga mun san haske ba ya nufin babu guba. Muna kuma roƙon Shugaban Makaranta ya sa gidan ruwa na jiha a cikin wuraren da za a kai mu ziyara.

Ga mu ɗalibai: kada mu yi wasa a kwatar da ke fitowa daga wurin aikin ƙarfe, kada mu bar ƙannenmu su yi. Kada mu fasa batir, kada mu jefa shi a wuta, kada mu taɓa ruwansa. Wanda yake taya babansa ko yayansa aiki a irin waɗannan wurare, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya canja kaya kafin ya ɗauki jariri. Idan muka ga ruwa mai launin rawaya ko kore ko ja yana fita daga bututu zuwa rafi, mu faɗa wa iyayenmu da malamanmu, su kai maganar wajen mai unguwa.

Abu na ƙarshe, mu riƙe Lissafi da Kimiyya da kyau. Mutanen Toyama sun iya tsayawa a gaban kamfani ne saboda sun samu likita da masana da suka iya auna ruwa suka karanta lamba. Garuruwanmu ma suna bukatar irinsu, maza da mata, waɗanda suka san harshen mutane kuma suka san pH. Wanda zai tsara tankin da zai kare rijiyar unguwarku nan da shekara 15, mai yiwuwa yanzu haka yana tsaye a gaban wannan allo da jaka a bayansa.

Duk mai ra'ayi, ko ya yarda da mu ko bai yarda ba, ya rubuto ya saka a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu manna amsoshin a fitowa ta gaba.

Daga wakiliyarmu ta aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida